Baba da Bulaman Japan

Gure, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Habsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da abokan aikinki na ɗakin shan magani. Yaya gajiya, yaya sanyin da ya fara shigowa? Mu nan Gure lafiya lau, sai kewarki. Tunda aka kai ki dajin Alakos inda babu rezon waya, dole na koma ga biro da takarda. Direban motar kasuwa ya yi mini alkawarin zai ba ki hannu da hannu.

Kin tambayi labarin maigidana Aisami. Yau wata biyu ke nan da ma'aikatar gandun daji ta tura shi Japan, zai yi wata shida yana koyon yadda ake tsayar da rairayi. Ashe su ma suna da tuddan rairayi a bakin teku. Ya ce lafiyarsa ƙalau, illa dai abincinsu ya gagare shi, shinkafa da ƙwai yake ta ci.

Wanda ya fi damuna shi ne surukina, Baba Burahima. Ban taɓa ba ki labarinsa sosai ba, don a gidan nan ba a zancen. Shi ne Bulaman Kwarin Malam Abba, can bayan Kelle, garin da kakansa ya kafa. Shekara takwas da suka wuce rairayi ya cinye rijiyar garin da rabin lambuna, sai ya tara mutane ya ce a tashi. Gida arba'in suka biyo shi, aka ba su wuri a gefen Gure. Ƙanensa Baffa Husseini ya ƙi, shi da gida bakwai, kuma a gaban jama'a ya ce wa Baba ya gudu ya bar kaburburan iyayensa. Da Baba ya zaunar da mutanensa sai ya ajiye sarautar. Daga ranar har yau shi da Baffa ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su ba.

Tun tafiyar Aisami Baba ya rage cin abinci. Idonsa ya yi rauni, yini yake yi a gindin dogonyaro da carbi, in na kai masa fura ya kurɓa sau biyu ya ture. Ko Aisami ya kira, daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka". Dama can su biyun ba masu hira da juna ba ne.

To ran Lahadi sai ga saƙon murya mai tsawo daga Aisami. Ni ya aiko wa, amma na kunna a tsakar gida ina tsince wake. Ya ce a garin da yake akwai wata tsohuwa, Fumi, mai kula da wani tsohon gida na katako. Gidan na sarkin da ya yi mulkin yankin ne na ƙarshe, fiye da shekara ɗari da hamsin baya. Irin waɗannan sarakuna daimiyo ake ce musu, mayaƙansu masu takobi biyu kuma samurai. Kakan kakan tsohuwar yana cikin mayaƙan. Sunan sarkin Masakiyo, kuma ƙasarsa ƙarama ce, mai doki zai ratsa ta a yini ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki, a lokacin akwai wani babban shugaban mayaƙa da ake kira shogun, wanda ya ɗora wa sarakunan doka: shekara ɗaya a ƙasarsu, shekara ɗaya a birninsa Edo, matansu da 'ya'yansu kuwa a Edo za su zauna kullum, don kada wani ya yi tunanin tawaye. Saboda haka a Edo aka haifi Masakiyo, kuma bai taɓa ganin ƙasar da zai gada ba sai da ubansa ya rasu, yana da shekara goma sha bakwai. Kwana ashirin suka yi a hanya, ana ɗauke da shi cikin wani akwati mai labule. Da suka iso ya leƙa, abin da ya fara gani gonakin shinkafa ne da rairayin teku ya binne.

Nan saƙon ya ƙare. Ban san Baba yana saurare ba sai da na ji ya ce, "Nafisa, sai me ya yi?" Na ce ban sani ba, Baba, sai Aisami ya koma wurin tsohuwar. Ya ce, "To ki ce masa ya koma." Yaya, ran nan ya shanye furarsa tas.

Ki gaida kowa da kowa. Ga ɗan barkono da kuka na haɗo miki.

Taki har kullum,
Nafisa

Gure, 18 ga Disamba

Yayata abar ƙaunata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fatan kina lafiya, kuma murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Takardarki ta iso, cukun da kika aiko ma ya iso, Allah ya saka da alheri. Na yi dariya da kika ce ke ma yanzu kina jiran labarin sarkin, har kin karanta wa matan da ke jiran awo.

Yanzu duk Lahadi Aisami yakan je wurin tsohuwa Fumi da wani abokin aikinsa mai yi masa tafinta. Darensu azahar ɗinmu ce, don haka saƙon kan iso muna cin abincin rana, mu ajiye shi sai bayan la'asar. Baba ya kasa faɗin sunan Masakiyo, shi dai Bulaman Japan yake ce masa.

Ga inda aka kwana. Saurayin sarki ya ce sai an tsayar da rairayin. Ya sa aka kafa shinge na karan shinkafa a kan tuddai, a bayan shingen aka dasa wani itace da suke kira matsu. Shekarar farko iska ta binne su duka. Ta biyu ma haka. Manyan fadawansa suka ce abin kunya ne mai takobi ya riƙa yawo cikin manoma yana duba tsiro. Da Baba ya ji haka sai ya yi tsaki ya ce fadawa ko'ina halinsu ɗaya. Ya ce in tambayi Aisami taku nawa suke bari tsakanin shinge da shinge, don su da suka gwada da kaba a Kwari sun yi tazara da yawa. Na ce Baba, ga talho, ka kira shi ka tambaye shi da kanka. Ya karɓa yana riƙe da ita kamar ƙwai. Ran nan uba da ɗa suka yi kusan awa guda suna gardamar shinge. Na shiga ɗaki don kada su ga idona.

An yi wa Masakiyo aure a Edo da wata yarinya mai suna Kiyo. Duk shekarar da yake ƙasarsa, ita tana can, sai wasiƙa. Tsohuwar ta nuna wa Aisami wasiƙun, wai a cikin kowace yakan faɗa mata tsawon itatuwan: sun kai idon sawu, sun kai gwiwa. Sai bayan shekara tara da aurensu aka sassauta dokar, ta zo ta gan su da idonta. Kin san ni da raunin zuciya, wata uku kawai na yi ba maigida amma wannan wurin sai da na sake saurarensa ni kaɗai.

Daga nan labarin ya ɓaci. Yaƙi ya tashi tsakanin mutanen shogun da na babban sarkin Japan baki ɗaya. Kakannin Masakiyo sun yi wa gidan shogun mubaya'a tun shekara ɗari biyu da wani abu. Rundunar ɗaya ɓangaren ta doso garinsa da bindigogi da igwa, shi kuwa mayaƙansa ba su kai ɗari uku ba, ga shinkafa saura kwana kaɗan a girbe. Wani tsoho mai suna Genzo, wanda ya rene shi ya koya masa riƙon takobi, ya ce a yi yaƙi a mutu da mutunci. Bayan kwana biyu Masakiyo ya fita da ƙafa, ba takobi, ya buɗe ƙofar gari. Ba a ƙone gida ko ɗaya ba, aka girbe shinkafa. Amma Genzo ya tsaya a gabansa ya ce ya yi nadamar renonsa, ya kwashi mutane, su sittin har da shi, suka tafi arewa wurin masu yaƙi. Goma sha ɗaya ne suka dawo, babu Genzo a cikinsu.

Baba ya ce in kashe saƙon. Kwana uku bai nemi talho ba, abincin ma ya koma turewa. Na yi ta zargin kaina.

A rana ta huɗu ina shanya sai ya kira ni ya ce in zauna. Ya ba ni labarin ranar da suka bar Kwari, abin da ko Aisami bai taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce a watan da ya yanke shawarar, yara uku aka binne saboda ruwan da suke sha daga wani tsohon rami. Ya ce da aka ɗaure kaya ya je yi wa kabarin mahaifiyarsu sallama, ya tarar da Baffa Husseini zaune a wurin, sai ya juyo bai ƙarasa ba. "Har yau ban yi mata sallama ba," in ji shi. Sannan ya ce, "Mutumin nan ya yi daidai. Amma na san bai ƙara jin daɗin barci ba."

Na dai ce Allah ya san niyyar kowa.

Ki yi mana addu'a. Ina gaida maigidanki.

Ƙanwarki,
Nafisa

Gure, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Habsu,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki da ta iyali, ina neman afuwar jinkirin amsa. Aikin koyarwa a lakwal ya yi mini yawa, ga Baba ya kwanta sati guda. Lokotoro ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ya ba shi ƙwayoyi ya ce ya huta. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi.

Labarin Bulaman Japan ya ƙare, kuma ƙarshensa ya jawo mini abin da ban zata ba.

Shekara uku bayan yaƙin sabuwar gwamnati ta soke sarautun duka, ta ce kowane sarki ya tattara ya koma Edo, wadda aka sake wa suna Tokyo. Ranar da Masakiyo zai tafi manoma suka cika hanya suka zauna a ƙasa, wai ba za a wuce da shi ba. Sai da ya sauko ya roƙe su da kansa. Ya ce musu su kula da itatuwan, zai dawo ya gani. A Tokyo ya zauna a ƙaramin gida, ya aske tukkunsa, daga baya aka hana ɗaukar takobi ma. Kiyo ta rasu. Ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan maƙwabta rubutu.

Tun kafin a kai nan Baba yake tambaya ɗaya: ya koma? Ran Lahadin da ta wuce amsa ta zo. Bai koma ba, Yaya. Shekara ashirin da shida ya yi a Tokyo, ba wanda ya hana shi zuwa. Mutanen garin sun aika masa sau da yawa, yakan ce sai baɗi. Bayan rasuwarsa aka sami wata takarda da ya rubuta bai aika ba, yana cewa ba zai iya haɗa ido da matan mutum arba'in da tara da suka mutu a arewa ba. Tsohuwa Fumi ta ce abin da bai sani ba, matar Genzo da kanta tana cikin waɗanda suka sa a rubuta masa ya zo. Gashin kansa kawai aka kawo garin aka binne. Aisami ya ce ya shiga dajin da kansa, itatuwan sun fi rimi tsawo, a ciki ko ƙarar teku ba a ji sosai.

Na ɗauka Baba zai yi kuka. Ina! Faɗa ya kama yi, har maƙwabciyarmu Zaliha ta leƙo ta katanga. Ya ce, "Wannan wane irin mutum ne? Ya iya buɗe wa igwa ƙofa amma ya kasa gaida tsofaffin mata? Shekara ashirin da shida! Wa ya ce masa shi ke da ranakun?" Ya yi ta yi kamar wanda ɗan'uwansa ya ɓata wa rai. Da ya gaji sai ya ce in nemo masa motar Kelle ta ran kasuwa, Kwari zai je.

Na kira Aisami. Ya roƙi Baba ya jira wata ɗaya ya dawo su tafi tare. Baba ya ce, "Sai baɗi ke nan." Daga nan sai Aisami ya ce mini in na ga zan iya, in raka shi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Hanyar ba ta da kyau, lokotoro ya ce ya huta, kuma ban san irin tarbar da Baffa Husseini zai yi mana ba. In ya sake faɗa masa maganar nan a gaban mutane, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Amma na ga yadda ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, na kasa hana shi. Darektan lakwal ya ba ni kwana uku. Ke da kika san aikin, ki rubuto mini abin da zan yi in numfashinsa ya sarƙe a hanya, ko da takardar ba za ta riske ni ba.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Nafisa

Gure, 13 ga Fabrairu

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina cikin alheri, ke da duk wanda ke tare da ke. Takardarki ta zo bayan mun dawo, amma na gode, na adana ta. Kwantar da hankalinki, mun je lafiya, kuma Baba yana nan da ransa.

Mun bar Gure da hantsi, muka sauka Kelle, daga nan amalanken shanu ya ɗauke mu. Da muka hau wani tudu Baba ya ce a tsaya, wai yana jin ƙamshin kwarin. Ni ban ji komai ba. Da muka gangara na ga wurin da na daɗe ina jin sunansa. Yaya, rairayi fari ya hau gidaje har rufi. Dabino da yawa kawunansu kaɗai ke waje. Gida uku ne suka rage da mutane.

Mun tarar da Baffa Husseini a ƙofar masallaci da shebur, yana kwashe rairayin da ya toshe ta. Ashe kullum sai ya yi haka kafin azahar. Ya ɗago ya gan mu, ya daɗe yana kallo. Na riƙe hannun Baba. Baba ya yi sallama. Baffa ya amsa, sannan ya ce, "Yaya, ka tsufa." Baba ya ce, "Kai ma ba a bar ka a baya ba." Shi ke nan fa. Baffa ya jingine shebur ya shiga ya kira salla, suka yi su biyu da wani makiyayi. Matarsa Inna Mairamu kuwa ta rungume ni tana kuka, ta yanka mana kaza alhali kaji huɗu gare ta.

Bayan la'asar Baba ya ce yana so ya je wurin mahaifiyarsu. Maƙabartar ta shafe, ba alamar komai. Baffa ya kama bakin sandar Baba ya ja shi har gindin wata goruba, daga nan ya riƙa ƙirga taku da ƙarfi, ya kai talatin da ɗaya ya tsaya ya ce, "Nan take." Na tsaya daga nesa. Sun daɗe a durƙushe. Abin da suka faɗa a can ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Washegari da safe ina dama musu fura a bayan zana na ji Baffa yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce shekara uku ke nan da ya san zaman ya ƙare. Ramin da suke ɗibar ruwa ya zama kanwa, 'ya'yansa duk sun tafi, Inna Mairamu ba ta iya hawan tudu da tulu. Ya ce sau biyu yana zuwa Gure har ya hango dogonyaron gidanmu, ya juya. "Da wane baki zan nemi wuri a hannunka, bayan abin da na faɗa?" Baba ya ce, "Da bakin da ka faɗa ɗin, ai ba ka da wani." Sai na ji su duka biyu suna dariya irin wadda ke haɗe da hawaye. Baba ya ce masa akwai fili kusa da na mutanensu, ya zo kafin zafi ya yi ƙarfi. Baffa bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya dai koma zancen wata akuya da ya ce Baba ya tafi da ita bisa kuskure shekara takwas da suka wuce, suka yi ta musu a kai har rana ta ɗaga.

Da za mu taso na ga Baffa ya shiga wani kango da rairayi ya cinye rabinsa, ya daɗe yana bugun wani abu. Sai ga shi ya fito da ƙyauren ɗakin mahaifinsu a ka, wani tsohon ƙyaure na katakon giginya mai nauyin tsiya. Ya ɗora a amalanken ya ɗaure da igiya da kansa. Bai dubi Baba ba, ni ya duba ya ce, "'Yata, ki sa a jingine mini wannan inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Kada kowa ya kafa shi sai na zo."

Yanzu haka yana jingine a zaurenmu. Jiya Baba ya sa an raka shi filin, ya auna da ƙafarsa inda ɗakin zai zauna, ya ce ƙofar ta dubi gabas kamar yadda take a can. Aisami zai sauka ran tara ga watan gobe in Allah ya yarda, kuma an riga an gaya masa kada ya yi tunanin hutu, akwai tubalin da zai buga.

Ki gaida maigidanki da matan awo, ki ce musu labari ya ƙare. In kin sami hutu ki zo, gidan zai cika.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nafisa